Majinyacin Ranar Asabar

Mijina gyaran agogo yake yi. Shekara talatin da ɗaya yana shago ɗaya, ɗan ƙarami, da gilashin nan na ido ɗaya maƙale a fuskarsa. Yau wata tara da rasuwarsa. Ni karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma ina so in rubuta wannan tun kaina bai fara zubar da shi ba.

'Ya'yanmu uku, Auta ce kaɗai mace. Shi "Uwata" yake ce mata. Fom ɗin makarantar likitanci ta ƙasar waje a kan teburin shagon ta cike shi, bayan ya ture ƙananan ƙusoshinsa gefe. An ce ta rubuta dalilin da ya sa take son zama likita. Ya ce, "Rubuta musu ubanki ya gaji da bin layin asibiti." Ta ce, "Baba, don Allah ka bari." Da takardar ɗaukarta ta iso, duk wanda ya kawo gyara sai ya karanta ta kafin a taɓa masa agogo.

Karatun littafi bai taɓa ba ta wahala ba. A shekarar ƙarshe ne ta kira mu tana kuka. Wai akwai jarrabawar da ake zaunar da majinyaci a gabanka, ka yi ta yi masa tambayoyi har ka gano abin da ke damunsa. Ta faɗi gwajin farko. Malaminsu ya ce tana katse wa mutane magana, tana sauri kamar motar da za ta hau za ta tashi. Idan ta faɗi ta gasken, sai ta maimaita shekara.

Mijina ya karɓi wayar ya ce, "Daina kuka, Uwata. Ni ma ban taɓa buɗe agogo ba sai na kara shi a kunne tukuna. Daga yau ni ne majinyacinki."

Haka aka tsara. Duk Asabar da yamma, idan ya rufe shago, abokiyar ɗakinta za ta turo wa wayata sunan ciwo da alamominsa, ba tare da Auta ta gani ba. Ni zan karanta masa a hankali, da irin nawa karatun. Sai mu jingina waya da gwangwanin sukari, ta kira mu ta bidiyo.

Ai kuwa abin ya zama wasan kwaikwayo. Ran da aka ba shi mace mai ciki, filo ya cusa a riga, ya shigo yana dafe da ƙugu.

"Likita, ni dai mijina ne ba ya tausayina."

"Baba, ka tsaya a kan ciwon mana!"

"Wane ne babanki? Haihuwata bakwai, ki yi min magana da ladabi."

Idan ta katse shi, sai ya ɗaga hannu ya duba agogonsa. "Daƙiƙa goma sha ɗaya kika bari na yi magana. Na tafi wani asibitin." Ya tashi da gaske ya fita tsakar gida, sai ta ba shi haƙuri ya dawo. A ƙarshe ya ba ta maki. Bai taɓa ba ta fiye da bakwai cikin goma ba.

Ni kuwa akwai abin da nake gani wanda waya ba ta nunawa. Ya daina cin nama. Burodi sai ya jiƙa shi a shayi ya yi laushi. Na same shi yana huda sabon rami a bel ɗinsa, daga baya har maɗaurin agogonsa ya huda. Na ce, "Malam, mu je asibiti." Ya ce, "Ina da likita a gida, bari ta gama."

Saura sati uku jarrabawar, abokiyar ɗakin ta turo ciwon kunne. Na karanta masa, ya gyaɗa kai. Auta ta kira da farar rigarta, ta gaishe shi kamar ba ta san shi ba.

"Me ya kawo ka, baba?"

"Abinci ne ke tsaya min a nan," ya dafa ƙirjinsa.

Na duba wayata. Babu maganar ƙirji. Na ɗaga kai zan gyara masa, ya taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Ranar ba ta katse shi ba ko sau ɗaya. Ta bar shi ya yi shiru, ya ci gaba da kansa. Tun yaushe? Wata huɗu. Da nama ya fara, yanzu har shinkafa. Ruwa fa? Ruwa yana wucewa. Ka rame? Matata ta ce na rame, amma ita komai sai ta ce. Babu filo, babu muryar mata, babu raha. Ni dai ina zaune ina saurare.

Ta ce, "Wannan majinyacin ba zan ba shi magani ya tafi gida ba. A cikin satin nan za a zura masa kyamara a duba maƙogwaronsa." Ta ajiye biro tana murmushi. "Nawa na ci?"

Ya ce, "Tara."

Murmushin ya ɗauke. "Baba, ba ka taɓa ba ni tara ba." Ta matso da fuskarta jikin waya. "Ɗaga hannunka na hagu."

Ya ɗaga. Agogon ya sulale har kusan gwiwar hannu.

"Umma, karanta min abin da aka turo miki."

Ya kalle ni. Shekara talatin da huɗu muna tare, na san wannan kallon, roƙo ne. Na san kuma idan na faɗa, yarinyar nan za ta haɗa kaya ta bar karatun shekara shida a baya. Amma ban taɓa yi mata ƙarya ba.

Na ce, "Ciwon kunne aka rubuta."

Ta ce, "Gobe ina hanya."

Ya ce, "To ki zo. Amma idan kika zo, ƙafata ba za ta taka asibiti ba, ki tambayi uwarki taurin kaina. Idan kika zauna kika rubuta jarrabawarki, ranar Litinin ni ne farkon layi."

"Baba, wannan ai zalunci ne."

"Eh. Kai ni ƙara wajen malaminku."

Ta yi kuka, ta yi dariya, ta sa na rubuta abin da zan faɗa wa likita kalma bayan kalma. Ranar Litinin muka je. Ciwon daji ne, ya riga ya yi nisa. Mun gaya mata gaskiya a ranar da sakamako ya fito. Asabar biyun da suka rage bai fasa ba, ya yi mata ciwon kunnen nan, har da karkata kai yana cewa "Na'am? Me kika ce?"

Ta ci jarrabawar. Ta dawo, ta same shi, suka yi wata biyar tare. Kullum da safe ta ɗora masa abin sauraron ƙirji, ya ce, "Sanyi gare shi. An rage maki ɗaya."

Bayan rasuwarsa na ba ta agogon. Na ce ta kai a rage mata maɗaurin, don hannunta siriri ne. Ta ɗaura, sai ya zauna daidai a ramin ƙarshe da ya huda. Da shi take ƙirga bugun zuciyar mutane yanzu. Ta ce min idan majinyaci ya fara magana, takan saci kallon agogon, ta kama bakinta har sai ya gama.