Wa Zai Juya Baba?

Mama ta zura hannu ƙarƙashin kafaɗar mijinta, ta cije leɓe, ta juya shi ya fuskanci bango. Bayanta ya amsa. Shekara uku ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, likita ya ce a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, in ba haka ba gyambo zai ci bayansa. Shekara uku, ba Asabar ba Lahadi. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya fitarwa.

'Ya'yanta biyu na tsaye a bakin ƙofa, kowa da Littafi Mai Tsarki a hannu. Wai duba Baba suka zo yi.

"Rana ta bakwai aka ce, Auta," in ji Babba, wanda ya sauya majami'a bara ya koma yin sujada ran Asabar. "Wa ya ba ku izinin mayar da ita Lahadi?"

"Haba Yaya! Ran Lahadi Ubangiji ya tashi. Mu ba a ƙarƙashin Shari'ar Tsohon Alkawari muke ba."

"Au, a goge ta huɗu cikin Dokoki Goma ke nan?"

"Ɗayanku ya miƙo mini bahon nan," in ji Mama.

"Mama, yau Asabar ce fa. Ba na taɓa aiki."

"Bari in nuna masa ayar nan tukuna, Mama."

Ta ɗauko abinta da kanta. Gado ba ƙarya ba. Uban nasu ma, lokacin da yake da ƙafa, ɓoye allurarta yake yi ran Lahadi don kada ta ɗinka ko maɓalli. Yanzu kuwa zanen gadonsa take wankewa kowace Lahadi, tana jiyo ƙararrawar majami'a daga nesa. Ta taɓa roƙon Auta ya zo ya karɓe ta, ya ce ai Lahadi ta Ubangiji ce.

Ta matse tawul. Ta juyo ta dubi babban ɗanta.

"Babba, kai Asabar ce ranarka mai tsarki?"

"Ƙwarai, Mama."

"Lahadi fa?"

"Rana ce kamar kowace."

"Madalla. Auta, kai Asabar fa?"

Auta ya dubi tawul ɗin da ke hannunta. Ya gano inda aka dosa.

Mama ta zare Littafin daga hannunsa, ta ajiye a kan tebur, ta danƙa masa jiƙaƙƙen tawul. "Ungo. Yau taka ce, gobe ta yayanka. Duk awa biyu, har dare. Ni ban san wanda ya fi gaskiya a cikinku ba, kuma ku yi ta yi, kada ku shirya."

Ta shiga ɗakin da ke kusa, ta kwanta ko ɗankwali ba ta cire ba. Tana jin Auta yana nishi, Babba yana gaya masa ta inda zai kama. Can sai muryar tsohon ta taso, a karye, kamar kullum.

"Maman Babba..."

Ƙafarta har ta sauka ƙasa da kanta. Ta dube ta, ta janye ta, ta mayar kan katifa.

"Yau hutu nake, Maigida," ta ce a hankali. "Kai ka koya mini."