Ta Ina Ake Buɗe Littafin Baƙin Hannu

Cikin munanan halaye akwai wani da ba a dukan mai shi, ba a kuma kai shi gaban alƙali. Shi ne mutum ya ga kuskurensa ƙuru-ƙuru, amma bakinsa ya yi nauyi ya kasa cewa "na yi kuskure". Mai wannan hali da hannunsa yake hukunta kansa. Haka ta faru da wani kafinta.

Lokacin da yake yaro ba kafinta ake ce masa ba, Mai Labari ake kiransa. Su uku ne kullum tare: shi, da ƙaninsa Auta, da abokinsu Ɗan Gwanjo, wanda ubansa ke sayar da tsofaffin tufafi. A gidan haya suka tashi, mai bene. Ƙarƙashin matattakalar akwai wani lungu mai sanyi inda ake jingine tsintsiya da wani tsohon keke marar taya. Nan ce fadarsu.

Wata rana aka kwance sabuwar dila a shagon uban Ɗan Gwanjo. Yaron ya zura hannu a aljihun wata kwat mai nauyi, sai ga littafi. Ba bangon gaba, ba na baya, duk sun yage. Zane ne zalla, baƙi da fari, yana warin kafur. Ɗan rubutun da ke ciki kuwa daga sama yake gangarowa ƙasa, kamar jerin tururuwa a jikin bango. Kaf gidan ba wanda ya iya karanta ko harafi ɗaya.

Mai Labari ya karɓa, ya buɗe ta hagu yadda ake buɗe littafin boko, ya dubi zanen, bakinsa ya kama aiki.

A shafin da ya fara, wani mutum ne zaune shi kaɗai a kan baraguzan gini. Gemu ya cika masa fuska, idanu sun faɗa, hannunsa na dama baƙi ƙirin tun daga yatsu har gindin wuya. Nan take aka raɗa masa suna Baƙin Hannu. Shi wannan Baƙin Hannu in ya daki dutse sai ya dare gida biyu. Kibiya da tafin hannu yake tare ta. Kogi kuwa tsalle ɗaya yake masa. Amma babbar baiwarsa ba ta faɗa ba ce. In ka gan shi da mutum kwance a ƙasa, sai ka ga hannun nan a kafaɗar mutumin, kana juya shafi sai ga mutumin tsaye da ƙarfinsa yana murmushi. Kuma duk wanda ya tayar, baƙin hannun sai ya ja da baya. A shafin da suke rufewa, ga shi nan saurayi, hannu fes, zaune a teburi cikin abokai, ana ci ana dariya.

Kai, an sha daɗin littafin nan! Da la'asar yaran gidan da na maƙwabta sai su jeru a kan matattakala, ƙanana a ƙasa, manya a sama suna leƙowa ta tsakanin ƙarafuna. Mai Labari ya yi muryar jarumi, ya yi ta maƙiyi, ya yi ƙarar dutse da kumatunsa. Iyaye mata su yi ta ƙwala kira daga sama, ba mai motsi. Har uwar su Mai Labari takan tsaya da bokiti a hannu, ta yi kamar takalminta take gyarawa.

Wata rana Auta, yana ɗan mitsitsi, majina a hanci, ya sa yatsa a shafi.

"Yaya, me ya sa gemunsa yake komawa ciki?"

"Wane gemu?"

"Ya fara da tsufa, ya ƙare da yaro. Ko ta can ɓangaren ake buɗewa?"

Yara suka zuba masa ido. Mai Labari ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya dunƙule hannu ya sakar wa Auta ranƙwashi a tsakar ka.

"Baiwa ce, dolo! Wanda ke tayar da mutane ai ba ya tsufa."

Aka bushe da dariya. Auta ya shafa kansa, shi ma ya taya su. Daga ranar bai sake tambaya ba.

Aka girma, aka bar gidan, littafi ya ɓace cikin kaya. Amma Baƙin Hannu bai bar zuciyar Mai Labari ba. Ya koyi aikin katako, ya buɗe shagonsa, ya zama Kafinta. A faɗi gaskiya, ya iya aiki. Durowar da ya haɗa ba ta cijewa, ƙafar kujerarsa ba ta rawa. Ba ya zagi, ba ya cin haƙƙin kowa. Abu ɗaya ne da shi. In ya ga ma'aikaci ya zauna yana mayar da numfashi, sai ya je ya ɗora masa hannu a kafaɗa, ya ce a hankali, "Tashi. Ni na san ƙarfinka." Kuma sai mutum ya tashi, don kunya, don kuma hannun na da nauyi. Shi Kafinta har cikin ransa gani yake tayar da mutane yake yi.

Mai yanka katako ya tafi da ciwon baya. Mai goge katako ya gyangyaɗa a kan inji, ya bar rabin yatsa a wurin. Ɗan Gwanjo ma ya yi shekaru yana ɗinka musu rigar kujera, har idanunsa suka fara ganin allura biyu, ya haƙura ya koma gida. Duk wanda ya tafi, Kafinta cewa yake, "Ragwanci ne." Auta kaɗai ya rage cikin na da. Shi ke feshin fenti a ɗan ɗakin baya mai taga ɗaya.

To, sai tari ya kama Auta. Tun yana yi a ɓoye har ya zama ana jin sa daga bakin titi. Likita ya ce masa ƙirjinsa ba zai ƙara ɗaukar fenti ba. Ran nan da safe ya sami yayansa yana awon katako, fensir a bayan kunne.

"Yaya, likita ya ce in bar ɗakin baya. Ka ba ni wani aikin a nan waje, ko buga ƙusa ne."

Kafinta bai ɗago ba. "Kabad ɗin can fa da ka fara?"

"A ba wani ya ƙarasa."

"Wa ke da hannunka? Ƙarasa wannan tukuna, sai mu yi magana."

Auta ya san wannan "tukuna". Bayan kabad akwai gado, bayan gado akwai teburi. Ya ɗaura takunkuminsa a hanci ya shiga.

Da azahar sai ga Ɗan Gwanjo, da tabarau mai kauri, yana dariya tun daga ƙofa, hannu ɗaya a baya.

"Mai Labari! Fito ka ga baƙo. Auta, bar warin nan ka zo!"

Ashe yana kwashe akwatin marigayi ubansa ne ya tsinci littafin a ƙasan kaya. Takardun sun yi ja, gefensu ya gutsure, amma warin kafur na nan. Kafinta ya ajiye zarto. Ya goge hannu a riga ya karɓa kamar an miƙo masa jariri. Suka zauna su uku a kan benci cikin garin katako, tsofaffi da furfura, kafaɗa na gogar kafaɗa. Sababbin ma'aikatan shagon suka matso. Kafinta ya buɗe ta hagu, ya gyara murya, sai ga muryar jarumin nan ta dawo kamar jiya ya ajiye ta. Ya yi ƙarar dutse da kumatu. Ɗan Gwanjo ya cire tabarau yana share ido.

Ana cikin haka 'yar Auta ta shigo da maganin ubanta, wanda ya manta a gida. Budurwa ce, tana karatu a babbar makaranta. Sunan uwar su Kafinta aka sa mata, shi ya sa Kafinta ke ce mata Uwata, kuma duk duniya ba wanda yake sakar wa fuska kamarta.

"Baffa, sannu da aiki. Lah! Ina kuka samo manga?"

"Ina muka samo me?"

"Haka ake kiran irin waɗannan littattafan zanen. Muna karanta su a waya. Kawo in gani." Ta karɓa, ta juya shi, ta yi dariya. "Baffa, ai a juye ka riƙe shi. Ta dama ake farawa."

Ba da wata manufa ta faɗa ba. Ta durƙusa a gabansu ta buɗe ta dama, tana juyawa a hankali.

Ga saurayi, hannu fes, a teburi cikin abokai. Ga maƙiya sun taso. Saurayin ya ɗora hannu a kafaɗar abokinsa da ke tsaye yana murmushi. Aka juya shafi, abokin na ƙasa a kwance, yatsun saurayin sun yi baƙi, ya daki dutse ya dare. Aka ci gaba. Wani faɗan, wata kafaɗar, wani abokin a ƙasa, baƙi ya kai gwiwar hannu.

"Kun gani," in ji yarinyar, "ƙarfin ba nasa ba ne. Na mutanensa yake zuƙa. Kuma dubi fuskarsa a nan, kamar shi kansa bai san yana yi ba. Allah sarki."

Ta kai shafin ƙarshe. Mutum shi kaɗai a kan baraguzai, gemu ya cika fuska, hannu baƙi har gindin wuya.

Kafinta ya gani. Kada wani ya ce bai gane ba. Ya ga gemun yana tsirowa yadda gemu ke tsirowa. Ya ga wani ƙoƙo a zanen da a da yake haɗuwa da kansa, yanzu faɗuwa yake ya fashe kamar kowane ƙoƙo. Komai ya zauna daidai, kamar durowa ta shiga gurbinta.

Auta ne ya fara dariya. Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, ya dafa benci.

"Yaya," ya ce da ya samu numfashi, "ranƙwashina. A dawo mini da ranƙwashina!"

Ɗan Gwanjo ya buga cinya. "Wallahi sunkuyo da kai ya rama! Shekara da shekaru muna tafiya da baya kamar masu jan rago!"

Ƙofa ce suka buɗe masa, mai faɗi. Da ya yi dariya ya sunkuyar da kai, da shi ke nan. Maganar ma ta zo masa har bakin leɓe. Sai ya ɗaga ido ya ga ma'aikatansa na murmushi, ya ji kunnuwansa sun yi zafi irin na ranar nan a ƙarƙashin matattakala.

Ya fizge littafin ya rufe.

"Yaran yanzu komai a juye suke ganinsa. Ni na buɗe littafin nan tun ubanki na yawo ba wando. Ke za ki koya mini?"

"Baffa, ba haka nake nufi ba..."

"An gama wasa. Kowa ya koma aiki."

Ya miƙe, ya ɗora hannu a kafaɗar Auta. "Tashi. Kabad na jira. Ni na san ƙarfinka."

Duk hannun Kafinta suke kallo. Hannun ya sha gam da baƙin fenti tun safe, har ƙarƙashin farce. Auta ya sa hannunsa biyu ya ɗauke shi daga kafaɗarsa, a hankali, ya riƙe shi ɗan lokaci kafin ya saki.

"Yaya, tunda nake ban taɓa yi maka musu ba. Ba na neman ka ba ni haƙuri. Ka ce dai ta dama ake buɗewa. In ka faɗa, ina nan tare da kai, ko shara ce in riƙa yi maka."

Kafinta ya dubi ƙaninsa. Ya ga yadda wuyansa ya rame, ya ji ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa.

Ya ce, "Ta hagu ne."

Auta ya kwance takunkumin daga wuyansa ya rataye a ƙusa. Ya karɓi maganinsa a hannun 'yarsa. Ta dubi baffanta, ta bi ubanta. Ɗan Gwanjo ya mayar da tabarau, ya kakkaɓe garin katako daga wandonsa.

"Riƙe littafin, Mai Labari, naka ne. Ka buɗe ta inda ka ga dama."

Ga abin da Kafinta ya rasa a yinin nan. Ya rasa ƙanin da suka kwana a tabarma ɗaya, wanda ya koma garin surukansa ya buɗe ɗan shagon gyaran kujeru a inda iska ke kaɗawa. Ya rasa abokin da ya rage a duniya mai kiransa Mai Labari. Ya rasa sallamar Uwata a ƙofar shago. Ya rasa Baƙin Hannu ma, domin in ya buɗe ta hagu bai ƙara yarda da labarin ba, ta dama kuwa ba ya iya kai wa ƙarshe. Abin da ya rage masa shi ne shago, da zarto, da kabad mai rabin fenti wanda har yau ba a ƙarasa ba, da takunkumi a jikin ƙusa.