Kira Daga Kan Tudu

Da ƙyar igiyar ta maƙale a reshe. Tsohon mai gyaran rediyo ya ja wayar eriya sama yana haki, matarsa kuma ta jingina farantin sola da dutse, ta juya shi wajen rana yadda ya nuna mata.

Rediyon da hannunsa ya haɗa shi, a cikin gwangwanin biskit. Wutar da yake ci ba ta kai ta tocila ba, amma da shi ya yi shekaru yana hawa tudun nan yana hira da mutanen ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Tun bara kuwa, in ji shi, ba mai amsa masa. Ya warware rediyon ya sake haɗawa, ya canza waya, ya zagi batir, har rana ba ta tsira ba.

Ita dai ta ja bakinta ta yi shiru, alhali a gida yanzu sai ta taɓa kafaɗarsa yake sanin an kira shi. Ranar da ta ambaci asibiti, gaba ya yi da ita har da ƙin cin abinci. Shi ya sa yau ta biyo shi, ta ji da kunnenta.

Ya sa abin kunne, ya ƙure ƙara, ya faɗi lambar da ake kiransa da ita a rediyo, ya saurara. Daga inda take zaune ta jiyo wata siririyar murya tana fitowa daga abin kunnen, tana maimaita lambar tasa da murna.

Ta taɓa kafaɗarsa. "Maigida, ana amsawa."

"Me?"

"Na ce ana amsa maka."

"Iska ce kawai. Ke me kika sani a kai?"

"Iskar ce ta san lambarka?"

Ta matso bakin kunnensa, ta faɗa masa da ƙarfi haruffan da mutumin yake ta nanatawa a matsayin tasa lambar, waɗanda ba ta da inda za ta san su. Fuskarsa ta canza.

"Malamin makarantar nan ne na bakin teku," ya ce. "Na ɗauka ya rasu."

Ya danna abin a kunnensa da hannu biyu, ya rufe ido, ya daɗe a haka. Tausayinsa ya kama ta, har ta yi da-na-sanin buɗe baki.

"Me yake cewa?" ya tambaye ta.

"Ya ce yana jin ka tangaran. Ya ce ya sha amsa maka, kana wucewa."

Ya cire abin kunnen ya ajiye a cinya. Muryar tana ta kira. Ya dubi gwangwanin, ya dubi batirin da rana ta cika, ya shafa murfin da babban yatsa.

"Ashe rediyon lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Ni kuwa ina ta fatan shi ne ya lalace."