Gayyar da Aka Yi wa Syombua

A nan Makuweni, gonar da ciyawa ta cinye abin kunya ce ga mai ita har da danginsa. Sai ga Syombua, 'yar yayata Ndunge, ta dawo daga jami'a tana cewa ita ciyawar take so.

Digiri na biyu take yi. Ta yanki gefen gonar uwarta, ta kafa turaku, ta ja igiya, ta ce kada fartanya ta taɓa wurin sai an yi damina huɗu, wato shekara biyu, don mu a nan sau biyu ake damina a shekara. Wai za ta ƙirga ciyayin gargajiya da za su dawo, da fakara da zomo da gada masu fakewa a ciki. Mun tsufa muna korar gada daga wake, yau ga mai ilimi tana yi mata masauki. Kullum da safe tana tsugune da littafi tana leƙen kashin zomo. Na ce wa Ndunge in wannan ne boko, awakina sun daɗe da zama farfesoshi.

Ndunge ta sha gori. A coci da bakin rijiya mata suna tambayarta ko macizai ma an ba su ɗaki. Ta haɗiye, har ranar da Syombua ta ce malaminta, Farfesa Nzioka, zai zo ya ga ƙirgen ƙarshe da idonsa, in babu shi babu digiri. Syombua ta tafi Nairobi don ta taho da shi.

Babban baƙo ya zo ya tarar da wannan dajin? Ndunge ta ce ba da ranta ba. Ta dafa muthokoi, masara da wake tukunya biyu, ta kira gayya. Mata ashirin suka zo da waƙa, kafin rana ta take wurin ya zama fes. Ba zan ɓoye ba, ni na tuge turakun, har na naɗe mata igiyar da kyau.

Da motar ta tsaya, Ndunge ta tare su tana washe baki.

"Ki kai shi ko'ina, 'yata, yau babu abin jin kunya."

Syombua ta daɗe tana kallon jar ƙasar. "Mama, shekara biyu kika nome."

Shi kuwa Farfesa ya hango dammunan ciyawa a gindin mangwaro. Matanmu ba sa haɗa ciyawa wuri ɗaya: ta jinka daban, ta tsintsiya daban, ta maruƙa, ta ciwon ciki, kowacce da sunanta. Iri talatin da ɗaya ya ƙirga. Littafin Syombua sha tara ne a ciki. Ya zauna cikin tsofaffi ya cika nasa littafin, ya ci kwano biyu, sannan ya ce wa yarinyar dokar jami'a doka ce, sai ta sake daga farko. Bayan shekara takardar bincike a kan ciyayin ta fito da sunansa, can ƙasa an gode wa "matan ƙauye".

An sake kafa turakun, ni na kafa su ma, don kunya. Yanzu Ndunge ce ke zaune a kan turmi a bakin igiyar, sanda a hannu, tana gadin ciyawa. Ina jin tausayinta ƙwarai. Jiya matan rijiya sun wuce suna ƙyalƙyala dariya, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ku yi ta yi," in ji ta. "Saura damina biyu."