Baƙin Cikin Duba-gari

Daren Laraba na ji wani sauti ta bango, kamar ana tsiyayar da ruwa daga buta mai ƙaramin baki, ya tsaya, can kuma ya yi ƙugi. Na ɗauka bututun famfo ne. Da safe na gane cikin ƙanena ne.

Ƙanen nan nawa tsohon duba-gari ne. Shekara talatin ya yi yana leƙa tulunan mutane da tocila, yana kifar musu da ruwa, yana kiran su ƙazamai. Irinsa ba ya yarda cuta ta san hanyar gidansa da ƙafarta. Sai ya ce matar ɗansa ce ta sa masa wani abu a abinci, tunda ita ke kai masa kwano. Ɗan kuwa, wanda ko atishawa ba ya yi sai da izinin uban, ya ɗaure mata akwati a babur ya mai da ita gidan iyayenta, tana rantsuwa tana kuka.

Ciwo bai bi ta ba. Ranar Litinin na raka ƙanen nawa asibiti, don ni dai na'urar hoton ciki nake son gani. Likitar ta shafa masa wani mai sanyi mai yauƙi, ta ɗora wani abu kamar ƙaramin dutsen guga tana jan sa. Allon ya yi dishi-dishi kamar talabijin mara eriya. Can sai ga layi biyu dogaye a jere, suna lanƙwasa a hankali. Ashe wata doguwar halitta ce guda ɗaya, ta kuwa burge ni. A natse take iyo, ba ruwanta da muƙamin kowa.

Likitar ta ce tsutsar ciki ce, ta ƙirga manya uku. Ƙwansu a ƙasa yake, hannu ke kai shi baki.

"Likita, ba a sa wa mutum ita da gangan?" in ji shi.

"Baba, sabulu ne dai ya yi ƙaranci."

Ya karɓi ƙwayoyi. Hoton cikin da likitar ta fitar masa a takarda kuwa ya ƙi taɓawa, ni na saka a aljihu.

A ƙofar gida ya shaida wa jama'a gyambon ciki ne, ciwon masu tunani. Ɗan yana gefe yana gyaɗa kai. Na miƙa wa tela maƙwabcinmu hoton. Ya juya shi sama da ƙasa, ya ciji zare ya tofar.

"To, duba-gari," ya ce, "wa zai je ya dawo da yarinyar?"