Tawul a Kan Sabuwar Na'ura

Shekara goma sha ɗaya na yi a gaban tsohuwar kwamfutar ofishinmu, ina gadin tsofaffi ɗari da arba'in da ke ƙauyukan kan tudu. 'Ya'yansu duk sun tafi Italiya da Sifen neman abinci, sun bar mana su. Kowane tsoho yana da maɓalli rataye a wuya da wani ɗan akwati ruwan toka a ɗaki. In ya faɗi, ko ƙirji ya riƙe shi, sai ya danna, sunansa ya fito a gabana, in tura motar asibiti. Kwamfutar ta tsufa, tana gurnani, in zafi ya yi sai na kunna mata fanka, amma mun san halin juna.

Bara da kaka aka turo mana sabuwa daga Bukarest, babban birninmu, tare da Injiniya Tudose, wani dogo mai furfura wanda ba ya amsa gaisuwa sai ya gama duba wayarsa. Ita sabuwar ba ta jiran a danna komai. Akwatinta na gida yana ganin mutum in ya faɗi, yana ƙirga bugun zuciya ta wani agogo da ake ɗaura wa tsoho, fuskar akwatin kuma baƙin gilashi ne mai sheƙi. Kwana biyu injiniya yana koya mana aikinta. Ni kuwa haushi ya hana ni saurare, don ina ganin an zo a nuna mini yadda ake riƙon mutanen da na san sunan karnukansu.

Ni aka ba aikin zagaya gidaje ina canja akwatuna. Ranar wata Litinin na isa Valea Socului, ƙauyen da aka haife ni, na shiga gidan Mosh Gherasim, Mosh ɗin nan shi ne Baba a yarenmu. Shekararsa tamanin da huɗu, zuciyarsa tana tsallake bugu, kuma sau biyu yana faɗuwa a bayan gida. Matarsa Filofteia ita ce mai lafiyar, ita ke faskare, ita ke masa faɗa. Na ɗora sabon akwatin a kan kantar ɗakin, ta leƙa gilashin ta gyara ɗankwalinta, ta ce wannan ya fi madubin ɗakinta kyau.

Ranar Alhamis ta rasu a kujera, tana tsince wake. Na'urar ba ta ce komai ba, don ba ita aka sa ta gadi ba.

'Yarsu Viorica, wadda muka yi makaranta tare, ta zo daga Torino ta Italiya aka yi jana'iza, ta koma ranar Talata, saboda tsohuwar da take jinya a can ba ta da kowa sai ita. Kafin ta tafi ta yi yarjejeniya da ubanta: muddin na'ura tana ganinsa, zai zauna a gidansa, ranar da ta daina, za a kai shi gidan tsofaffi a cikin gari. Ranar Laraba da na buɗe sabuwar kwamfuta, sunansa ya fito da ja, an rubuta cewa idon akwatin a rufe yake. Na kira shi, ya ce lafiya lau, yana ba kaji hatsi. Alhamis ma ja.

Tsohuwar kwamfuta da sai in rubuta mata cewa na ji muryarsa, ta yi shiru. Wannan ba ta da wurin da za a saka magana. In ido ya yi kwana uku a rufe, ita da kanta take cire mutum daga cikin waɗanda muke gadi, ta aika wa danginsa saƙo. Ta ma riga ta aika gargaɗi, don kafin in sha kofi Viorica ta kira ni tana kuka.

"Sanda, ki gaya mini gaskiya, ya fara ruɗewa ne? Ni ba zan iya ba. Ina nan ina wanke uwar wasu, nawa uban yana can shi kaɗai. In ya faɗi ba wanda ya gani fa?"

"Ki share hawayenki, yanzu zan hau," na ce. "Ubanki ya fi mu hankali ni da ke."

Na roƙi injiniya ya mayar da gidan kan tsohuwar kwamfuta na ɗan lokaci. Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Madam Sanda, an yanke layinta tun shekaranjiya. Gawa ce." Na ɗauki makullin mota na fita kafin bakina ya ja mini.

Na tarar da Mosh Gherasim a bakin ƙofa da baƙin ƙyalle a hannun riga, gemu ya fara tsiro, don a al'adarmu mai makoki ba ya aski sai an yi arba'in.

"A'a, 'yar Nichifor! Gwamnati ce ta turo ki ki ga ko na mutu?"

"Gwamnati ba ta san da kai ba, Mosh. Ni ce na zo cin mamaliga, na yi kewar tuwon masararku."

"Kin makara, kaji sun riga ki. Shigo dai."

Ina sa ƙafa a ɗakin na ga abin da ya faru, kunya ta rufe ni. Madubin bango a lulluɓe da zane. Talabijin a lulluɓe. Kabad mai ƙofar gilashi an rataya masa bargo. A kan taga ga kofin ruwa da gutsuren burodi. Sabon akwatinmu kuma yana kan kantar nan, an rufe shi tsaf da farin tawul mai jan saƙa a baki, har an soke gefensa a ƙasa don kada ya zame. Ni da na rufe madubai da hannuna lokacin da uwata ta rasu, ni ce na ɗauko baƙin gilashi na dasa a gidajen tsofaffi ɗari da arba'in, ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba.

Na zauna. Ya zuba mini kofi, ya yanko cuku.

"Mosh, wannan ba madubi ba ne."

"Leƙa ki gani in ba za ki ga hancinki ba."

"In ka bar shi a rufe zuwa gobe, kwamfuta za ta cire sunanka. Ka san abin da Viorica ta ce."

"Na sani. Ina wurin aka faɗa. Sai bayan ta tafi na lura an manta da rufe wannan." Ya juya kofinsa a kan tebur. "Ke yarinya, kwana arba'in marigayiya take yawo a gidan nan kafin ta kama hanya. Yau takwas. Shekara sittin da ɗaya ina tare da matar nan, ba ta taɓa wuce gilashi ba ta tsaya ba, ko tagar motar limamin coci ce. In ta ga kanta a ciki ta maƙale fa? Madubin bango ma da sauƙi, a gida yake. Wannan naku kin ce duk abin da ya gani cikin gari yake aikawa. So kike ta ƙare a ofishinku? Matar da ko kasuwa ta je garin ba ta iya kwana?"

Na so in yi dariya, na fasa.

"To in aka ɗauke ka fa?"

Ya dubi taga. "Abin da ke hana ni cin abinci ke nan. In na buɗe, in cuce ta. In na bari, a kai ni gari, ta zo ta tarar da gida a kulle, ba ruwa a taga, ba wanda zai ce mata sannu. Kwana talatin da biyu kawai nake nema, 'yar Nichifor. Bayan nan ku kai ni duk inda kuka ga dama."

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, na kuma ji haushin kaina. Ban ce masa camfi ne ba. Wa ya aike ni? Ni kaina har yau ban tabbata ba, kuma ban taɓa barin madubi a buɗe don in gwada ba.

Na fita tsakar gida, wajen da waya ke kamawa kusa da tarin itace, na kira injiniya. Na shirya masifa, na zayyana masa komai da ƙarfi, ina jiran ya yi mini dariyar mutanen birni. Bai yi ba.

"Tawul ne ko zane?" ya tambaya.

"Ina ruwanka da ko mene ne?"

"Kakata da tawul take rufewa," ya ce a hankali. "Madam Sanda, gilashin nan ba ya ganin komai. Aikinsa nuna lokaci ne da fuskar mai kira. Idon yana sama, wani ɗan rami kamar ƙwayar wake. Kuma ba hoto yake ɗauka ba, ɗumin jiki yake ji. Na faɗa ranar farko."

"Ban ji ba."

"Na lura. Kina kallon taga."

Na haɗiye wannan, don laifina ne. Na koma ɗaki na ɗaga gefen tawul kaɗan ta sama, ba tare da na buɗe gilashin ba, na nuna wa tsohon ramin. Na ce in aka huda tawul daidai nan, gilashi zai zauna a rufe, ido kuma ya gan shi.

Bai yarda nan da nan ba. Ya ɗauko tabarau, ya kawo fuskarsa har hancinsa yana taɓa akwatin, ya rufe ido ɗaya, ya karkata hagu, ya karkata dama.

"Ban ga kaina ba."

"Ba za ka gani ba."

"Ita idonta ya fi nawa."

"Mosh, ko ƙuda ba zai ga kansa a nan ba."

Ya miƙe, ya shafa tawul ɗin da bayan hannu. Ya ce ita ta saƙa shi tana budurwa, yana cikin kayan da ta zo da su, ba a taɓa goge hannu da shi ba. Na ce to mu sa wani tsumma mu huda. Ya harare ni.

"Tsumma? Ta shigo ta ga tsumma a kan kantarta? Ashe ba ki san ta ba."

Ya buɗe akwatin ɗinkinta ya ɗauko ɗan almakashi. Na miƙa hannu in karɓa, ya ture. Sai da ya yi alama da gawayi, ya cire tawul ɗin yana tare gilashin da hularsa, ya ce in riƙe hular kada in kuskura in motsa. Na tsaya riƙe da hula a fuskar na'urar gwamnati, mace mai shekara hamsin da uku, shi kuma ya zauna bakin taga ya yanke rami ƙarami. Bai tsaya nan ba. Ya zura zare ja a allura, bayan ya gwada sau biyar, ya bi bakin ramin da ɗinki don kada ya zare. Ɗinkin ya karkace, wani wuri ya cukurkuɗe.

"Za ta yi mita," ya ce.

"Za ta yi."

"Ta yi ta yi. Na saba."

Muka mayar da tawul, muka daidaita ramin a kan idon, ya sake soke gefen a ƙasa. Na buɗe taga na miƙa wayar waje don ta kama, na sa ta yadda kowa zai ji.

"Injiniya, me ka gani?"

"Ya koma kore," muryarsa ta fito. "An daina ƙirga kwanakin. Ina ganin mutum biyu, ɗaya a taga, ɗaya a tsakiyar ɗaki. Zuciyarsa saba'in da takwas. Zan aika wa 'yarsa yanzu."

Na juyo ina murna, na ce, "Ka ji ko? Ba inda za ka." Amma tsohon bai yi murmushi ba. Ya yafito ni da hannu.

"Fita waje, 'yar Nichifor. Fita gaba ɗaya, ki ja ƙofa. Sannan ki sake tambayarsa."

Na fita, na zagayo ta bakin taga na tsaya a waje. Ina hango shi tsaye a tsakiyar ɗaki, ya cire tabarau, ya gyara wuyan rigarsa, ya saki hannuwa.

"Injiniya, yanzu fa? Mutum nawa?"

"Ɗaya."

"Ce masa ya duba da kyau," Mosh Gherasim ya ce daga ciki. "Kada ya yi sauri. Ya duba wajen murhu."

Injiniya ya ji shi. Ya ɗauki lokaci, fiye da yadda aikin yake bukata, na kuma gode masa a raina saboda haka.

"Na duba ko'ina, Mosh," ya ce. "Kai kaɗai ne."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali.

"Madalla," ya ce. "Ashe ba ya kama ta. Haka nake so."

Ya tsaya yana kallon wajen murhu. Can ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Da dai ya ce biyu," ya ce, "da ban gaya wa kowa ba."