Fitilun Hagu

"Miƙo min salatef ɗin, Baba."

Injiniya yana tsaye a kan bencin fasinjoji, kansa yana gogar rumfar jirgin, hannunsa ɗaya riƙe da bakin waya. Ba injiniyan gaske ba ne, wayarin gidaje da shaguna yake yi, amma sunan da unguwa ta laƙa masa ke nan. Tsohon da ke zaune a baya kusa da inji shi ne mai fito, wanda yake ƙetarar da mutane kogin tun Injiniya yana yawo ba wando. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu.

Tsohon ya ɗauki salatef da hannun hagu, ya miƙa, sai ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin benci.

"Haba Baba, aikin ke nan kawai na ba ka."

"To ka sallame ni mana," in ji tsohon, yana dariya ƙasa-ƙasa.

Haka suke tun fil azal. Tsohon bai taɓa ganin aikin Injiniya ya yaba ba a gabansa. In ya gyara masa fanka sai ya ce iskar ta rage daɗi. A bayan idonsa kuwa duk fasinjan da ya yi kukan wutar gidansa sai ya ce masa, "Je ka nemi ɗana."

Maganar fitilun nan ma Injiniya ne ya fara kawo ta. Tsofaffin ƙwayayen jirgin irin masu zaren nan ne a ciki, masu jan haske da zafi kamar garwashi, ga shan batir. An sha yin fiton yamma da su a kunne, a isa tsallake injin ya ƙi tashi, sai an nemo aron batir. Injiniya ya ce a sa na LED, haskensu fari ne, ba sa zafi, kuma batir zai huta. Ya sayo su, suka yi ta kwana a jakarsa. Kullum da safe tsohon zai leƙo ta kan katanga ya ce, "Injiniya, ƙwayayen nan dai sun kusa ƙyanƙyashewa."

Yau ma da ƙyar ya yagi lokaci bayan la'asar. Wayarsa sai ruri take yi a aljihu, mai wani shago da ya bar wa aiki rabi ne ke nemansa.

Ya kwance tsohon ƙwai na ƙarshe, gilashinsa ya yi baƙi, ya jefa shi cikin kwali. Ya kankare tsatsar mazaunin da bakin sukundireba, ya ɗaura sabon, ya naɗe wayar. Sannan ya diro ya danna makunni. Layi biyu na farin haske suka tashi a ƙarƙashin rumfar, dama da hagu, har ana ganin kan kowace ƙusa a jikin katako.

"To, sai ka faɗi aibunsu."

Tsohon ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"Na dama sun yi kyau. Na hagu ne ba su kama ba."

"Ga su nan suna ci, Baba."

"Ni dai duhu nake gani a nan wajen."

Injiniya ya hau benci ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza waya, ya sauko ya kashe ya kunna. Lafiya ƙalau. Wayarsa ta sake ruri.

"Juyo da kanka ka duba da kyau."

Tsohon ya juya a hankali. "Yauwa, ga su... a'a, sun kuma tafiya." Maganar ta fito da nauyi, kamar mai tauna wani abu. Gefen bakinsa ya ɗan zube ƙasa. Injiniya ya gani sarai, ya ɗauka taɓe baki ne irin na tsiyar da ya saba.

"Baba, yau ba ni da lokacin wasa. Na bar aikin mutane na zo na yi maka, ko sannu babu."

Bai taɓa yi masa magana da wannan murya ba. Tsohon ya dafa murfin injin da hannun dama. Injiniya ya tattara filaya da guntayen waya ya zuba a jaka, ya taka allon da ke haɗa jirgin da gaɓa, ya haye babur ɗinsa. Ko waiwaye bai yi ba.

Magariba ta wuce kafin ya gama da shagon. Da ya shawo kwanar layinsu ya tarar da mutane cirko-cirko a ƙofar gidan tsohon, ga motar mai gidan burodi a buɗe. Masunta ne suka hango jirgin yana ta haske a gaɓa ba kowa a tsaye, suka leƙa suka same shi kwance tsakanin benci da inji. Inna, matar tsohon, tana riƙe da takalmansa a hannu, ta rasa inda za ta ajiye su.

Injiniya ya shiga bayan motar, ya ɗora kan tsohon a cinyarsa har asibiti.

Likitar da ta karɓe su mace ce mai sanyin murya. Bayan an shige da shi ta fito ta tsaya a gabansu.

"Shanyewar ɓarin jiki ce. Wa ya gan shi na ƙarshe yana lafiya?"

"Ni ne," in ji Injiniya.

"Ya yi kukan wani abu? Nauyin hannu, ko harshe, ko ya ce ba ya ganin gefe ɗaya?"

Inna tana gefen Injiniya, yana jin numfashinta.

"Ya ce ba ya ganin fitilun hagu. Abu ya faɗi daga hannunsa."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan la'asar."

Likitar ta dubi agogon bango, ta dube shi, ta ce za su yi iya ƙoƙarinsu. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

Kwanakin da suka biyo baya Injiniya bai ɗauki jakar aiki ba. Shi ne kai ruwan zafi, shi ne juya tsohon a gado, shi ne riƙe masa kofi. Matar Injiniya ta ce masa, "Ko ɗan cikinsa iyakar abin da zai yi ke nan." Ya ce ta bar maganar. Ɗan tsohon da ke aiki a wani gari mai nisa ya iso, ya riƙe hannun Injiniya da hannu biyu yana godiya, Injiniya yana kallon ƙasa.

Wani hantsi ya rage su biyu a ɗakin. Tsohon ya buɗe ido ɗaya sosai, ɗayan rabi, ya motsa leɓe. Injiniya ya kai kunne.

"An kashe... fitilun? Kar batir..."

"An kashe, Baba. Waɗannan ma ba sa cin batir."

"Haka... ka ce."

Wani abu mai kama da murmushi ya ja gefen bakinsa mai lafiya. Injiniya ya gyara zama. Tun a hanya ya shirya abin da zai faɗa.

"Baba, ranar nan a jirgi, maganar da na yi maka..."

Idon tsohon ya riga ya rufe, numfashinsa ya daidaita. Injiniya ya ce a ransa bari ya farka. Ya zauna yana korar masa ƙuda har Inna ta dawo daga wanke kwanuka. Da yamma tsohon bai farka ba, washegari ma haka. Da safiyar da ta biyo baya, Injiniya yana hanya da fulas a bayan babur, ɗan tsohon ya kira shi ya ce Allah ya yi wa Baba cikawa.

Bayan an dawo daga maƙabarta mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, yawancinsu fasinjoji ne: 'yan kasuwa, malaman makarantar tsallake, matan da ya taɓa ƙetararwa suna naƙuda. Duk wanda ya zauna sai ya ji ana cewa ga maƙwabcin da ya tsaya masa har ƙarshe. Injiniya ya rasa inda zai sa kansa. Da mutane suka ragu ya shiga cikin gida mayar da tabarmi, ya tarar da Inna ita kaɗai a bakin ƙofar ɗaki. Ya durƙusa.

"Inna, kin ji abin da na gaya wa likita. Da na dubi fuskarsa yadda na dubi wayoyin nan..."

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Ranar da safe ya ce min kansa yana sara," ta ce. "Na ce masa duk mai yini a rana dole kansa ya sara. Na ba shi shayi na ci gaba da shara." Ta share ido da bayan hannu. "Tashi, ɗana. Jingine tabarmin a can."

Ya jingine su. Bai ji nauyin ya ragu ba, sai dai ya ga ashe ba shi kaɗai yake ɗauke da shi ba.

Washegari da sassafe aka yi ruwan sama mai yawa. Da ya ɗauke, Injiniya ya gangara bakin kogi a ƙafa. Jirgin yana ɗaure a turkensa, ya ɗan nutsa ta baya saboda ruwan da ya taru a cikinsa, ganyaye suna yawo tsakanin bencuna. Wata mata da kwando a ka tana tsaye a gaɓa, da alama daga nesa ta zo.

"Malam, yau ba fito ne?"

"Babu, baiwar Allah. Sai dai ki bi ta gada."

Ta gyara gammonta ta juya. Injiniya ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando ya shiga. Ya samu wata yankakkiyar jarka a ƙarƙashin benci, ya sunkuya ya fara kwashe ruwan yana zubarwa a kogi, jirgin yana ɗagowa kaɗan-kaɗan.